Kafin Ka Soke Makon Ciyawa

Grand Concourse, Bronx
Laraba da hantsi

Ɗana Iliya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji da ya raya mu har muka ga wannan mako. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Ya kai ka garin da za ka ba ko tuntuɓe, ya tsare motarka da kayanka, ya tsare ka kai kanka.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ya raba ɗakinku. Dalili shi ne, in muka zauna magana, ina yi maka Hausa kana mayar mini da Turanci, kafin in haɗa magana ɗaya ka yi biyar, sai in gaji in ce to. Numfashina ma yanzu ba ya kai ni ƙarshen doguwar magana. A takarda kuwa ba mai katse ni. Na san karatun Hausarka a hankali yake tafiya, tunda a Littafi Mai Tsarki marigayiya mamarka ta koya maka, amma hakan ya yi mini daidai. Ba na son ka yi sauri.

Ranar Asabar za ka bar gidan nan ka tafi wancan ƙaramin garin na masu kiwon shanu, tafiyar awa biyar arewa da mu, ka zama kocin ƙwallon Amurka na sakandarensu a madadin Koci Walt, wanda ya riƙe yaran garin sama da shekara talatin. Shekaranjiya na ga takardar da ka rubuta wa iyayen yara. Ba bincike na yi ba, a buɗe ka bar ta a kan tebur kusa da maganina. Na karanta inda ka ce daga bana an soke makon ciyawa, wato makon nan na watan Agusta da Koci Walt yake kwasar 'yan wasa duka su bi gonaki suna jidar busasshiyar ciyawar shanu suna jerawa a rumbuna. Da na tambaye ka, ka ce, "Baba, zamanin wannan ya wuce. Mako guda cur suna dako a gona, abokan karawarsu suna ɗaga ƙarfe suna koyon dabaru. Shi ya sa shekara huɗu ba su ci komai ba." To ga amsata.

Ka tuna bara da kaka, da ka ji Koci Walt zai ajiye aiki, ka sa ni a mota muka je kallon wasansa na ƙarshe a gida. Ka ce iska za ta yi mini amfani. Iliya, shekarata talatin da wani abu a ƙasar nan, ashe ban san ta ba. Bronx na sani, da jirgin ƙasa na layin D, da ɗakin wankin asibitin da na tsufa a ciki. Ban taɓa sanin akwai garin da ake rufe shi ɗungurungum saboda yara za su yi wasa ba. Mai aski ya rufe, mai sayar da ƙusa ya rufe, har mai kantin magani ya manna takarda a ƙofa cewa yana fili, in larura ce a same shi a can. Motar kashe gobara a gaba, 'yan badujalar makaranta a baya, sannan gari duka a ƙafa, tsofaffi cikin rigunan wasansu na dā da maɓalli ba ya haɗuwa a ciki. Filin ba shi da fitilu, shi ya sa suke wasa da rana tsaka. Bayansa tudu ne, itatuwa sun yi ja da ruwan ɗorawa kamar an kunna musu wuta, ga shanu a tsaye suna kallonmu.

An cinye yaran Koci Walt ranar, ka sani. Amma abin da ya biyo baya har yanzu in na rufe ido ina ganinsa. Ba wanda ya yi sanarwa. Sai na ga maza suna saukowa daga bencuna ɗaya bayan ɗaya, masu furfura, masu tumbi, wani da sanda, wani ɗauke da jariri, duk wanda ya taɓa wasa a hannun tsohon nan. Suka jeru a bakin fili har layin ya zagaya ya kusa haɗewa. Ba tafi, ba kiɗa. Shi kuma ya cire hularsa ya bi layin da ɗingishinsa yana kiran kowa da sunansa. Bai tsallake ko ɗaya ba. Na halarci jana'izar manya a gida, na ga taron Kirsimeti da majami'a ta kasa ɗauka, amma ban taɓa ganin mutum yana tafiya a raye cikin aikin hannunsa haka ba. Na ce a raina, ashe wannan ne kujerar da ɗana yake nema.

Kai kana can ƙasa da kwamfutarka kana ɗaukar hoton yadda 'yan wasa suke jeruwa a fili. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da wata mata a benci, Carol sunanta, hannuwanta kamar na maƙeri. Ta ga ina rawar ɗari, ta yafa mini bargo ba ta ko tambaye ni ba. Na ce na gode, ba na jin sanyi. Ta ce, "Haƙoranka sun riga sun ba ni amsa, tsoho, sha wannan," ta miƙo mini kofi daga fulas. Ta nuna mini wani ƙaton yaro a sahun gaba ta ce nata ne. Na ce, wannan ai shi kaɗai ya isa katanga. Ta yi dariya ta ce, "Ka ga mutanen da ke tsaye kusa da shi? Huɗu cikinsu 'ya'yan gona ne. Mijina ya ce ba ɗansa da zai taɓa ƙwallo ciyawa tana kwance a waje hadari yana haɗuwa. Haka sauran iyayen ma. Walt da ya zo yana saurayi, ya busa usur a watan Agusta ya ga yara 'yan ƙalilan, 'ya'yan cikin gari sirara. Ya tambaya, aka ce manyan suna gona. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya kwashi siraran nan ya kai su gona, ya ce a gama da wuri a ba shi manyan. Tun daga nan ake yi."

Na gaya maka wannan a mota muna dawowa. Kana ta lissafa kurakuran da suka yi a fili, ka ce "uhm." Na san ba ka ji ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba, don kunya.

Da na gama kwalejin horon malamai, aka tura ni wata makaranta a wani gari kudu da Zariya. Ina da shekara ashirin da uku, da farin gajeren wando, da usur a wuya, da wani littafin horon 'yan ƙwallo da na haddace kamar ayar Lahadi. Ƙwallon ƙafa nake nufi, tamu ta gida. Mai riƙe da 'yan wasan makarantar wani dattijo ne, Malam Tanko, wanda karatunsa bai kai rabin nawa ba. Hedimasta ya ga takarduna ya karɓe yaran daga hannunsa ya ba ni.

Filin da muke wasa ba na makaranta ba ne. Gonar wani tsoho ce, Baba Ɗanladi, a jikin gidansa, ya bar ta saura don yara. Shi kuma yana noma wata gonar mai nisa a bakin rafi. Kowace shekara 'yan ƙwallo sukan yi masa gayya sau biyu, lokacin huɗa da lokacin girbin dawa. A tafi da mai ganga, a dama kunu a babbar tukunya, a wuni. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Ni kuwa na ce ɗalibai ba leburori ba ne, kuma gayyar tana faɗowa daidai lokacin da nake son su fi ƙarfi. Malam Tanko ya same ni a gindin mangwaro ya ce, "Malam ƙarami, ka bari ka ga damina ɗaya tukuna." Na ce masa, "Malam, damina ashirin da uku na gani." Na ɗauka na yi magana mai gishiri, har na maimaita wa abokaina.

Na soke gayya. Baba Ɗanladi bai zo makaranta ba, bai kai ƙara ba. Da muka haɗu a kasuwa ya ce, "An ce sabon malami ya ce yara sun gaji. To, Allah ya huta gajiya." Shi ke nan.

Kuma ka san abin da ya ƙara ɓatar da ni? Mun ci. Shekarar nan muka ɗauko kofin gunduma, abin da Malam Tanko bai taɓa yi ba. Aka ɗaga ni sama. Na ce to, ga littafi ga tsoho, a gaya mini wa ya fi.

Ruwan farko na shekara mai zuwa ya sauka ranar Asabar. Litinin da safe na zo da usur ɗina na tarar an yi wa filin kunya tun daga wannan raga har waccan, an shuka dawa. Sandunan raga kuwa an tuge su, an ɗaure da igiya tsaf, an jingine a bangon aji. Ɗaurin nan mai kyau shi ya fi ƙona mini rai. Na tafi gidan tsohon ina huci. Yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, ba fushi na yi ba. Bara rabin dawata a gona ta lalace, ba hannu. Ƙafata ba ta kai ni rafi kullum. Ta kusa da gida zan noma. Ko kofin naku ana tuƙa tuwo da shi?"

Ba mu sake samun fili ba. Yaran suka koma buga lemun tsami a kan hanya a madadin ƙwallo. Kofin yana kan kabad a ofishin hedimasta, aka riƙa zuba alli a ciki. Bayan shekara biyu na nemi canji.

Don haka ɗana, abin da ka tarar ana yi a gari, kuma ka ga kamar ɓata lokaci ne, kada ka fara tambayar ko yana sa a ci wasa. Ka fara tambayar abin da yake riƙe da shi. Wani icen da ka gani a tsakar ɗaki yana tare hanya, shi ne ya tokare rufin. Ni fili na rasa. Kai yara za ka rasa, manyan nan na sahun gaba, kuma ba wanda zai zo ya yi maka faɗa. Za su yi maka murmushi a kanti, su ce sannu Koci, ranar da ka busa usur ka ga wurinsu ba kowa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni. Bayan an nome filin, Malam Tanko ya zo ɗakina da kansa, dattijon da na yi wa rashin kunya. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Tashi mu je wurin Ɗanladi tare. Tare aka yi mana kaciya, ba zai ƙi ni ba. Kai dai ka durƙusa, ni zan yi magana." Na ce ina da aikin dubawa. Ba ni da aikin komai. Durƙuson ne ba na so, kuma ba na son gari ya ce tsohon ne ya gyara ɓarnar mai takarda. Daga ranar na canza hanyar zuwa makaranta don kada in wuce ƙofar gidansa. Ina Kaduna na ji rasuwarsa, wata uku bayan an binne shi. Har yau ban ce masa ya yi haƙuri ba, kuma ba inda zan kai saƙon.

Na ji kana gaya wa abokinka a waya cewa ba ka son Koci Walt ya riƙa zuwa wurin horo, wai yara za su rasa wanda za su kalla. Na gane tsoronka, don na yi irinsa. Amma tsohon nan ba zai bar garin ba. Zai zauna a shagon shayi kowace safiya, mutane za su tambaye shi yaya sabon yaron nan, kuma ko ɗaga gira ya yi, gari ya ji. Ka je gidansa kafin ka sauke kayanka duka. Kada ka tafi da kwamfuta. Ka tafi hannu biyu, ka zauna inda ya nuna maka, ka tambaye shi gonar wa ake fara zuwa, kuma me ya sa. Ka tambaye shi wane uba ne mai taurin kai, wace uwa ce in ta yarda kowa ya yarda. Da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da ya kira maza ɗaruruwa da sunayensu bai tsallake ɗaya ba, yana da abin da babu a cikin injinka. Tambaya ba za ta rage maka tsawo ba.

Kada ka ɗauka cewa nake yi duk abin da ka tarar ka rungume. A nan ma na yi wauta, ta ɗaya gefen. Akwai al'adar da na tarar a makarantar nan, wai ɗan ƙwallo ba ya shan ruwa sai an tashi, ruwa yana kashe zuciya. Wannan kam ban soke ba, don tana sa in zama abin tsoro. Har ranar da wani yaro, Markus, ya yanke jiki ya faɗi a rana, idonsa ya juye. Na ɗauke shi a kafaɗa na yi gudu da shi zuwa ɗakin shan magani ina kiran sunan Yesu. Allah ya tashe shi, ba don halina ba. Ka ga aikina: na zubar da tsaba na adana ƙaiƙayi. Na ji ka ce a garin nan har yanzu in yaro ya bugu a ka yana ganin jiri, akan ce ya girgiza kai ya koma fili, kuma kai ba za ka yarda ba. Wannan ka tsaya a kai tun ranar farko, ko da gari duka zai yi gunaguni, ko da Walt ɗin ne ya ce haka suka saba. Kan ɗan mutane ba abin gado ba ne. Kuma ina gaya maka, uban da ya gan ka kana zufa a rumbunsa zai fi saurin yarda in ka ce ɗansa ba zai buga wasan Asabar ba. Wanda bai san ka ba sai a takarda, cewa zai yi baƙo ya zo daga birni yana lalata musu yara.

Saura ɗaya, kuma wannan kai na yi wa.

Lokacin da ka kawo mini takardar izinin shiga wasan nan kana ɗan shekara goma sha huɗu, na ce wannan ba ƙwallo ba ce, dambe ne da hular kwano, kuma wace irin ƙwallo ce mai kama da gwanda da ake runguma a gudu. Mamarka ce ta sa hannu a ɓoye. Shekara huɗu kana wasa, ita tana hawa bas biyu tana zuwa, ba ta san dokar wasan ba ko ɗaya, in ta ga an tashi ta tashi. Ta dawo muryarta a dishe ta ce, "Malam, yau ɗanka ya kayar da wani kamar buhu." In ce mata Allah ya shirye ku. Ban je ba ko sau ɗaya. Nakan ce aiki ne. Wani lokaci aiki ne. Amma gaskiyar ita ce, tun ranar da na ga dawa a filin can, ban sake iya tsayawa a bakin fili ba. Na bar ka kana zaton wasanka na rena, alhali kaina nake gudu. Wasan Koci Walt shi ne na farko da na kalla a ƙasar nan. Da na ga ubanni suna rungumar 'ya'yansu masu wari da laka, na juya na ga bayanka can ƙasa, na gane abin da na hana ka da abin da na hana kaina. Ka yafe mini, Iliya. Na gwammace in faɗa maka kana iya amsawa.

Shawarar da ke cikin wannan ita ce: a cikin yaranka za ka ga wanda in an tashi yake waige-waige a bencuna bai ga kowa ba. Za ka gane shi, don ka san fuskar. Kada ka yanke wa ubansa hukunci daga nesa. Ka je ka same shi, ko a gona ko a gareji. Wataƙila yana da tasa dawar da ta tsiro masa a fili.

Game da ni, kada ka tafi da nauyina a ka. Na san ka yi ta jan ƙafa a kan aikin nan saboda hawan benen nan da kuma faɗuwar da na yi a banɗaki. Matan zumuntar majami'a sun raba ranaku a tsakaninsu, kuma Alhaji na ƙasa, mutumin Maraɗi, ya ce in bai ji takuna a rufinsa da safe ba zai hau ya fasa ƙofa, wai ba ya son in riga shi don bai gama cin nasara a kaina a dara ba. Gidan zai yi shiru, ba zan yi maka ƙarya ba. Tun da mamarka ta tafi, ƙarar makullinka da yamma ita ce agogona. Amma ban haife ka don ka zama agogo ba. Garin da ya iya girmama mutum irin yadda na gani da idona ya kira ɗana, ɗan malamin da ya kashe ƙwallon gari guda. Wannan abu ya fi ƙarfin tunanina. Nakan zauna in yi ta juya shi, in rasa abin cewa sai godiya.

Ga roƙona, guda ɗaya ne. Takardar nan da ka rubuta wa iyayen yara, kada ka aika ta bana. Ban ce ka yage ta ba, ka ajiye. Ka yi makon ciyawa sau ɗaya, da jikinka, ba tsaye da usur ba. Ka ɗauki dami har hannunka ya yi kanta, ka ci abin da matan gonar suka dafa, ka ga wane yaro ne yake komawa ya taimaki wanda ya gaji, ka ga wanda yake ɓuya bayan tarakta. In shekara ta zagayo ka ga har yanzu sokewa ta fi, ka soke, ka tafi gida gida ka faɗa da bakinka, tare da abin da za ka sa a madadinsa don ciyawa ta shiga rumbu. A lokacin kai ne ka san abin da kake sokewa. Ni ban sani ba na soke.

In kuwa ka ji maganata, to ka zo ka ɗauke ni a makon. Ba zan iya ɗaga ko rabin dami ba, likita ma zai yi faɗa. Amma a ajiye mini kujera a inuwar rumbu kusa da randar ruwa, ni zan riƙa miƙa wa yaran kofi. Ana bina bashin gayya ɗaya shekara hamsin, kuma mai gonar ba ya nan. Ina so in yi ta a gonar wani kafin a kira ni.

Ubangiji ya yi maka jagora a hanya, ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya ba ka kunnen ji kafin bakin faɗa. Ya tsare kawunan yaran mutane da ƙasusuwansu a hannunka, ya sa ka mayar wa kowace uwa ɗanta da ƙafarsa. Ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa garin ya zame maka gida. Ka riƙa tsayawa kana hutawa a hanya, kuma in ka isa ka kira ni, ko kalma biyu ce, ko da Turanci.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka,
Ayuba